Nauyin Sitiyari a Tsohuwar Motar Gudu: Hali ne ko Ciwo?

    

Yau zancen mota za mu yi, amma ba kowace mota ba. Tsofaffin motocin gudu nake nufi. Masu ƙofa biyu, masu dogon hanci, waɗanda ke kwance dab da ƙasa. Irin su Datsun 240Z ta Japan, da MGB da Jaguar ta Ingila, da tsohuwar Porsche ta Jamus. Ba su da yawa a titunanmu, na sani. Amma akwai su. Wani ya gada a wurin mahaifinsa. Wani ya tsinto ta a wani kango, ya share shekara biyu yana tayar da ita. Kuma abin da za mu faɗa a kansu zai amfani duk mai tsohuwar mota, ko da kuwa ta dakon kaya ce.

Kukan masu waɗannan motoci kusan ɗaya ne. Sitiyari ya yi nauyi. Mutum ya zo faka mota, sai ya ji kamar yana kokawa da bijimi. Kafin ya fito, gumi ya jiƙa masa riga, kafaɗa tana ciwo.

To, ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Nauyin sitiyari iri biyu ne. Akwai na hali, akwai na ciwo. Na hali, da shi aka ƙera motar. Na ciwo, daga baya ya same ta. Wanda bai bambance su ba, ko dai ya zubar da kuɗinsa a banza, ko ya ci gaba da hawa kan haɗari yana cewa ai haka tsohuwar mota take. Kuma in za a nemi ciwon, daga ƙasa ake farawa. Daga taya. Daga abu mai araha. Ku riƙe wannan, don zan sake komowa kansa.

Bari mu fara da hali.

Yawancin motocin nan ba a ƙera su da famfon da ke taimaka wa sitiyari ba, wanda muke kira pawa. An ƙera MGB daga 1962 har zuwa 1980, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙarfin hannun direba ne ke juya tayarta. Haka Datsun 240Z da ta fito a 1969. Ita Porsche 911 sai a 1989 ta samu pawa. Ba wai ba a san fasahar ba ne. Tun 1951 kamfanin Chrysler a Amurka ya sa ta a motar hawa. Masu ƙera motar gudu ne ba su so. Famfo yana ƙara nauyi. Yana cin ƙarfin inji. Kuma abin da ya fi damunsu, yana raba hannun direba da hanya.

Ku tsaya a nan kaɗan, masu sauraro, don a nan daɗin motar yake. In kana gudu a motar da ba ta da pawa, tafin hannunka yana jin hanya. Kana jin tsakuwa. Kana jin yashi. Kana jin lokacin da taya ta fara sulɓi tun kafin ido ya gani. Da irin wannan sitiyari Datsun 240Z ta ci gasar Safari a Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973, a kan hanyoyin laka da ƙura irin namu. Dattawan direbobinmu da suka yi zamani da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, sun san wannan magana sarai. Da yawa daga cikin motocin ba pawa, amma an yi Kano zuwa Legas da su ba adadi.

Yaya ake gane nauyin hali? Da sauƙi. Mota na tsaye, sitiyari da nauyi. Da zarar ta fara mirginawa, ko da tafiyar ƙafa ce, sai ya saki. In ta hau titi, da 'yan yatsu kake sarrafa shi. In haka motarka take, ɗan'uwa, lafiyarta ƙalau. Maganinta a hannunka yake. Kada ka murɗa sitiyari tana tsaye cik. Bar ta ta ɗan motsa, sannan ka juya. Haka na da suke yi.

Shi kuwa na ciwo, alamunsa daban. Nauyin ba ya tafiya ko mota tana gudu. Ko ka ji yana cijewa a wuri ɗaya, sai ka yi da ƙarfi ya wuce. Ko ya fi nauyi ta dama a kan ta hagu. Ko ka sha kwana, ka sassauta hannu, ya ƙi komowa tsakiya da kansa. Ko kuma jiya lafiya lau, yau ka tashi ka tarar ya canza. Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, to ciwo ne, kuma ba a wasa da shi.

To, daga ina za a fara? Na faɗa muku. Daga ƙasa.

Iskar taya. Na san wani zai ce, haba malam, wannan ai kowa ya sani. Kowa ya sani, amma mutum nawa ne ke dubawa? Motar ƙwalisa ba kullum ake fita da ita ba. Tana iya yin wata biyu a lulluɓe. Iska tana zurarewa a hankali, ido bai gani. Taya ta baje a ƙasa, ta kama kwalta fiye da kima, sitiyari ya yi nauyi. Sayi ɗan gejin iska naka na kanka. Auna da safe, kafin taya ta yi zafi. Bi abin da littafin motar ya ce. Kuma ka kula, kada a gyara ɓarna da ɓarna. Wasu masu faci sukan ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse. Sitiyari zai yi sauƙi, gaskiya ne. Amma mota za ta riƙa tsalle, birki ba zai kama sosai ba, tsakiyar taya kuma ta cinye.

Yanzu mu zo inda na fi son mu daɗe, domin a nan mafi yawan laifin yake, kuma namu ne. Faɗin taya.

Datsun 240Z ta fito da taya mai faɗin milimita 175. Siririya ce in ka kwatanta da na yau. Matashi ya samu motar, ya ga tayar ba ta cika masa ido ba. Sai ya je ya sayo mai faɗin 225, da rim mai ƙyalli wanda ya leƙo waje. Mota ta yi kyau a hoto, ban musa ba. Amma me ya faru a ƙasa? Robar da ke gugar kwalta ta faɗaɗa. Rim ɗin kuma ya tura taya waje, ta yi nisa da inda take juyawa. Ka ga nauyi ya ƙaru ta hanya biyu. Wanda ya ƙera motar ya auna komai da siririyar taya. Kai kuma ka canza lissafin, hannunka ne zai biya.

Bai tsaya nan ba. Sai ya dubi sitiyarin asali, ya ga ya yi faɗi kamar faifai. Ya cire, ya sa ɗan ƙarami irin na 'yan tsere. Jama'a, faɗin nan ba ado ba ne. Tambayi kowane bakanike. In noti ya cije, wace sifana yake ɗauka, gajera ko doguwa? Doguwa. In ta ƙi, har bututu yake zura mata don ta ƙara tsawo. To, babban sitiyari shi ne doguwar sifanarka. Ka rage shi, ka rage ƙarfin hannunka.

Na ga wannan da idona. Wani abokina ya tayar da wata tsohuwar Datsun, ya kashe mata kuɗi ba kaɗan ba. Ya zo min yana ƙorafi, wai sitiyari ya gagare shi, har an ce masa sai an canza rak gaba ɗaya, wato ƙarfen da ke isar da juyin sitiyari ga tayoyi. Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike. Baba bai ko buɗe bonet ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya durƙusa ya dubi taya, ya leƙa ciki ya dubi sitiyari. Sai ya ce, “Alhaji, ina tayoyinta na asali? Ina sitiyarinta?” Suna nan a ɗakin ajiya. Aka ɗauko sitiyarin, aka sayo sabbin tayoyi daidai awon na da, aka ɗaura a tsohon rim. Kafin la'asar motar ta koma yadda take. Ba a taɓa rak ba. Ranar na ƙara ganin girman tsofaffin hannu a wannan sana'a.

To, in iska daidai, taya daidai, sitiyari na asali, amma nauyi na nan fa? Sai mu matsa mataki na gaba. Kuma ga wata dabara da ba ta cin ko sisi.

A ɗaga gaban motar da jak, tayoyin gaba biyu su bar ƙasa. A tokare ta da ƙarfe mai ƙwari, a sa wa tayoyin baya waigi. Ina roƙonku, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Sannan a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya tafi sumul da ɗan yatsa, to ƙarafan lafiya suke, matsalar tana ga taya ko saiti. In kuwa har yanzu yana da nauyi alhali taya tana sama, to wani abu ya cije a ciki. Daga nan bakanike zai kwance tayarod daga jikin tayoyin. Ya juya kowace taya da hannu ita kaɗai. Ya juya sitiyari shi kaɗai. Wanda ya ƙi motsi, shi ne mai laifin. Kun ga an kama ɓarawo ba a rushe gida ba.

Kuma sau da yawa, me ake tararwa? Ƙishirwar giris.

Motocin yau ba sa neman giris a ƙafa, an rufe mahaɗansu tun daga masana'anta. Motocin da ba haka suke ba. Suna da 'yan bakuna da ake ɗura musu giris da famfon hannu. Ita MGB, ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kanta tana son giris kusan duk kilomita 5,000. Yaran gareji na yanzu da yawa ba su taso da wannan ba. Sai a juye baƙin mai, a canza filta, a ce an gama sabis, ƙafa kuwa ba wanda ya leƙa. Shekara ta bi shekara. Tsohon giris ya bushe ya koma kamar sabulu. Tsatsa ta shiga.

A nan ƙasarmu tana da nata rabon. Zafin bazara yana busar da robar da ke rufe rak da boljoyin, har ta tsage. Hunturu ya zo, ƙura ta shiga ta tsagar. Damina ta sauka, ruwa ya bi baya. Ƙura da ruwa da tsohon giris in suka haɗu, sun zama abin niƙa, suna cin ƙarfe a hankali. Robar nan kuɗinta kaɗan ne. Rak kuwa, na irin waɗannan motoci, kana iya zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da ta Panteka a Kaduna ka dawo hannu rabbana. Don haka ku riƙa leƙa robar. In ta tsage, a canza ta a makon.

Akwai kuma wani ɗan mahaɗi a jikin sandar sitiyari, can ƙasa a ɗakin inji, inda sandar ke lanƙwasa. A wasu motocin yana kusa da bututun hayaƙi, zafi na dukansa kullum. In ya bushe, sai ka ji sitiyari yana nauyi yana saki, yana nauyi yana saki, a cikin juyi ɗaya. Mutane da yawa sun sayi famfo da rak a kan wannan ɗan ƙarfe.

Wani abin kuma hannun mutum ne. Motocin da ke da akwatin sitiyari maimakon rak suna da wani noti na ɗaurewa a sama. Sitiyari ya yi lako-lako, sai a ɗaure notin tamau don a kashe wasan. Wasa ya tafi, amma sitiyari ya cije, ya daina komowa tsakiya, haƙoran ciki kuma suna cin juna. Wannan noti da lallami ake taɓa shi.

To, mu juya ga saiti, wanda ake kira alaimen.

Ku dubi keke. Ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ba a tsaye yake sak ba, ya ɗan kishingiɗa baya. Shi ya sa yaro ke sakin hannu keke ya ci gaba da tafiya miƙe. Mota ma tana da irin wannan kishingiɗa a ƙafar gaba. In ta yi yawa, mota za ta miƙe da kyau a titi, amma sitiyari zai yi nauyi a kwana. MGB an yi ta da kusan digiri 7, don an auna ta da tayoyin zamaninta. Da aka koma tayoyin yau masu riƙe ƙasa sosai, sai masu ita suka ji nauyin ya ƙaru. Shi ya sa a Ingila ake sayar da wasu 'yan ƙarafa da ake cusawa don a rage kishingiɗar. Banda wannan, rami ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa ƙafa ko ya ɓata saiti. In nauyi ya fi yawa ta gefe guda, ko taya tana cinyewa ta baki ɗaya, kai ta inda ake aunawa da na'ura. Kuma ka tafi da awon motarka a rubuce, don mai yiwuwa ba ta cikin kwamfutarsu.

Ga wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, Ghana ta bi a 1974. Motocin da aka yi don titin Ingila da Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake. Da yawa an mayar da shi hagu bayan sun iso. In gwani ya yi aikin da kayan da suka dace, ba laifi. Amma akwai wanda aka yanka, aka yi walda, aka karkata sanda don dole ta shiga. Irin wannan sitiyari ba zai taɓa sakewa ba. In za ka sayi motar da aka juya wa hannu, sa a duba maka wannan aikin kafin ka duba fenti.

Masu pawa fa? Ban manta da ku ba. Jaguar mai silinda 12 ta 1971 tana da shi. Mercedes SL ta shekarun 1970 da 1980 tana da shi. Ku ma daga mai araha za ku fara. Buɗe gwangwanin mai ka duba. In ya yi ƙasa, to yana zuba a wani wuri, nemo wurin. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, a juye. In yana kumfa, iska ce ke shiga. In ka murɗa sitiyari ka ji ƙara mai tsini, bel ne ya saki ko ya tsufa. In gurnani kake ji, famfo ne ke neman mai. Kuma ba kowane jan mai ne na kowace mota ba. Honda, alal misali, tana da nata daban. Bi abin da aka rubuta a murfi ko a littafi. Sannan ka daina danne sitiyari a ƙarshe kana riƙe da shi, yana wahalar da famfo. Sai an gama duk wannan ake zancen sabon famfo.

Saura tambaya ɗaya, wadda na san tana ran wasunku. Shin a sa wa tsohuwar mota sitiyarin lantarki? Ana yi. A Turai sukan ɗauko na ƙaramar Opel Corsa su dasa a ƙarƙashin dashbod, daga waje ba mai ganewa. Ga ra'ayina, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Dattijon da ke ƙaunar motarsa amma kafaɗa ta gaza, ko uwargidan da ke son ta ja motar da kanta, su sa, ba abin kunya ba ne. Gara mota ta fita titi da ta ruɓe a ƙarƙashin tamfol. Amma da sharaɗi. Sai an tabbatar ba ciwo tukuna. In ƙafa ta cije ka ɗora mata lantarki, ba ka warkar da komai ba. Ka dai toshe bakin da ke gaya maka akwai matsala. Ƙarfen zai ci gaba da cin kansa, hannunka ba ya ji, har ranar da zai karye. Kuma sandar sitiyari ba ƙofar gida ba ce da za a miƙa wa kowane mai walda. Rai ne a jikinta, naka da na waɗanda ke tafe a gefen titi.

Kun ji inda muka faro. Hali daban, ciwo daban. Kuma daga ƙasa ake farawa.

Don haka, ɗan'uwa mai tsohuwar mota, gobe da safe kafin ka tayar da inji, durƙusa ka auna iska. Karanta awon da ke jikin tayarka, ka gwada da na littafi. A ƙarshen mako ka kai ta gareji, a ɗaga gabanta a gabanka, ka juya sitiyarin da hannunka. Ku kuma iyayen gidanmu makanikai, don Allah ku fito da famfon giris daga inda aka jefa shi, ku nuna wa yaranku inda bakunan suke. In kuwa sitiyari ya canza maka dare ɗaya, ajiye motar, kada ka hau babban titi sai an duba.

 Allah ya tsare mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.